Akwati mai kwaɗo uku: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyoyin tanadi da ƙananan sana'o'i a ƙasar Daura

Waɗannan tambayoyi ne da ke tasowa duk lokacin da aka ce za a kafa ƙungiyar tanadi a wata unguwa ko ƙauye, daga cikin garin Daura zuwa Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa. Wasu daga bakin mata suke, wasu daga mazajensu, wasu daga liman ko mai unguwa. Kuɗaɗen da aka ambata a misalai na kwatance ne, kowace ƙungiya ita ke yanke nata.

Wannan ba adashe ba ne aka sake wa suna?

Dangin juna ne, amma kowanne da halinsa. A adashe kowa zubinsa ɗaya da na ɗan uwansa, uwar adashe ta tattara, mutum ɗaya ya kwashe. In ɗaukarki ta faɗo a watan da ba ki da wata buƙata, haka za ki karɓa. In kuma yaro ya kwanta alhali saura mutum tara a zo kanki, sai dai ki bi gida-gida kina roƙon wadda za ta yi musanya da ke.

A ƙungiyar tanadi kuɗin zama yake yi a akwati. Mutum 15 zuwa 25 da suka san juna su ke haɗuwa mako-mako. A yanke kuɗin hannu ɗaya, a ce naira 200. Mai hali ta zuba hannu biyar, marar hali ta zuba ɗaya, kuma ba dole ne abin da kika zuba wannan makon ya zama shi ne na mako mai zuwa ba. Daga abin da ya taru ake ba mai buƙata rance na 'yan watanni. Bayan wata tara zuwa shekara a buɗe akwati a raba, kowa gwargwadon zubinta. Gefe guda akwai 'yar jakar taimako da kowa ke jefa abu kaɗan daidai wa daida, don ciwo, rasuwa ko gobara. Abin da aka ba mutum daga cikinta ba a biya.

Daga wace ƙasa aka kawo mana shi?

Daga nan kusa. Ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara gwada shi a 1991 da matan karkara a yankin Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, da sunan Mata Masu Dubara. A kan adashen da matan suka riga suka sani aka gina shi. Daga can ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, har ya dawo mana da sunayen Turanci a bakin ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Wanda ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya, kafin azahar ya isa inda aka haifi abin.

Wanda bai ci ya ƙoshi ba, me zai ajiye?

Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a amsa ta da wa'azin tattali ba. Akwai gidan da a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, ko naira hamsin ba ta kwana. Irin wannan gida abinci yake buƙata tukuna.

Amma a gidaje da yawa kuɗi na shigowa, tsayuwa ce ba ya yi. Ladan surfe, kuɗin kitso, 'yan ƙwai biyu da aka sayar, canjin cefane. In suna ɗaure a bakin zane, kafin magariba yaro ya yi kuka an saya masa alewa, maƙwabciya ta aiko aro, maigida ya ce a ba shi zai mayar. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, amma kuɗin sun tafi. Aikin akwati shi ne ya raba kuɗin da hannu, ya kuma ba mace amsar da ba ta ɓata zumunci: suna cikin akwati, makulli ba ya wurina. Shi ya sa ake so a yanke kuɗin hannu ɗaya daidai ƙarfin wadda ta fi kowa rauni a cikin ƙungiyar. In aka yanke shi daidai ƙarfin matar ɗan kasuwa, kafin wata uku waɗanda aka kafa abin dominsu sun zame saboda kunya.

Wa ke riƙe kuɗin?

Ana zaɓen mutum biyar: shugaba, marubuciya, mai ajiyar akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun wasu mata uku da ba sa cikin biyar ɗin nan. Mai ajiyar akwati ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a faɗi abin da ya rage da ƙarfi, mako mai zuwa a tambayi jama'a nawa aka bari kafin a buɗe. Kowace mamba tana da ɗan littafi da ake buga wa hatimi ɗaya a kan kowane hannu, don wadda ba ta yi boko ba ma ta iya ƙirga nata da ido.

Ƙungiyar da ta fara cewa "ai Hajiya mai amana ce, a bar mata makullan duka" ta kama hanyar watsewa, ko da Hajiyar waliyiya ce. Ranar da lissafi ya ɓata da naira ɗari biyar, ita za a zarga, kuma ba ta da shaida.

Yaya ake lissafin rabo?

A ce mata 25 ne, hannu naira 200, an yi mako 50. A ce an buga hatimi 3,750 a littattafai duka, wato zubi ya kama naira 750,000. Ranar rabo, bayan an karɓo duk bashin da ke waje, aka ƙirga aka sami 825,000. Sai a raba wannan da yawan hatimi: kowane hannu ya zama naira 220. Wadda ta yi ta zuba hannu ɗaya duk mako tana da hatimi 50, ta tashi da 11,000. Mai hatimi 200 ta tashi da 44,000. Jakar taimako ba ta shiga wannan lissafi.

Lokacin rabo ma abin shawara ne. Wasu sun fi so ya faɗo gab da damina don iri da taki, wasu kafin azumi. Wanda ya faɗo ana saura mako ɗaya Sallah, a wurin tela yake ƙarewa.

Malam ya ce akwai kuɗin ruwa a ciki. Gaskiya ne?

Malam bai yi kuskure ba in tsarin asali ake nufi. Yadda aka saba koyar da shi, mai karɓar rance tana mayarwa da ƙari, sau da yawa kashi biyar ko goma cikin ɗari a wata, ana kiran shi ladan hidima. Masu kare shi na cewa ai ƙarin ga 'yan ƙungiya yake komawa, har da ita mai biyan. Malamai da yawa ba su karɓi wannan hujja ba, domin rance ne da aka sharɗanta ƙari a kansa, kuma canza masa suna bai canza hukuncinsa ba. A gari irin Daura, ƙungiyar da ta yi kunnen uwar shegu da wannan magana ba za ta yi nisa ba.

Akwai mafita, kuma ana aiki da ita. Ta farko, a ba da rance ba ƙari ko sisi. Akwati ba zai yi riba ba, kowa ta karɓi abin da ta zuba, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Ta biyu ita ce murabaha, irin wadda bankunan Musulunci kamar Jaiz ke yi. Maimakon a ba mace naira 20,000 ta sayi gyaɗa, ƙungiya ta wakilta mutum biyu su sayo gyaɗar, ta zama mallakin ƙungiya, sannan a sayar mata a kan 22,000 ta biya cikin wata uku. Sharaɗin shi ne a sayi kayan da gaske kafin a sayar mata, kuma farashin ba ya ƙaruwa don ta yi jinkiri. Ta uku, ƙungiya ta yi sana'ar haɗin gwiwa da wani ɓangare na kuɗin, riba da asara na kowa.

Tarar makara wurin taro da tarar jinkirin biyan bashi ba ɗaya ba ne a wurin malamai, ta biyun ta fi haɗari. A kai dokokin gaban malamin da jama'a suka yarda da shi tun kafin a zuba ko kwabo. Rubuta bashi da kafa shaidu kuwa ba baƙon abu ba ne, umarni ne da ke cikin aya ta 282 a Suratul Baƙara.

Maigidana ya ce in karɓo masa rance da sunana. In karɓa?

'Yar uwa, sunanki ne a littafi, ke za a tsare a gaban mata ranar biya. In abin da zai yi da kuɗin sananne ne, kamar taki ko gyaran baro, kuma kin san inda biyan zai fito, ki faɗa wa ƙungiya gaskiya su yanke. In ba ki sani ba, dokar ƙungiya ta riga ta ba ki mafaka: ba a ba mutum fiye da ninki uku na abin da ta tara, kuma sai an faɗi dalili a bainar jama'a. Abin da ya fi sauƙi shi ne a kira mazan tun farko, a gaban mai unguwa, a bayyana musu dokokin. Namijin da aka nemi izninsa aka girmama shi ya fi wuyar karya dokar da ya ji da kunnensa.

To wannan akwati kaɗai zai fitar da gida daga talauci?

A'a. Duk wanda ya ce muku zai fitar, yana da abin da yake son sayarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 kan irin waɗannan ƙungiyoyi a Ghana, Malawi da Uganda ya gano cewa sana'o'in gida sun ƙaru, mata sun ƙara samun ta cewa a harkar gida, amma abin da gida ke ci da kashewa bai canza a zo a gani ba. Akwati tara abin da ke akwai yake yi. Inda abin ya yi ƙaranci ƙwarai, abin da zai tara ma kaɗan ne.

Abin da ya fi nuna tasiri ga gidajen da suka fi kowa talauci shi ne tsarin da ƙungiyar BRAC ta fara a Bangladesh a 2002. Ana ba gida jari kyauta, yawanci dabbobi ko kayan sana'a. Ana haɗa masa da ɗan tallafin abinci ko kuɗi na wasu watanni don kada yunwa ta sa a sayar da jarin. Ana koyar da sana'ar, wani ma'aikaci na leƙowa a kai a kai har kusan shekara biyu, sannan a sa su cikin tanadi. A 2015 masana, ciki har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda daga baya suka sami kyautar Nobel a 2019, sun fitar da sakamakon gwajin tsarin a ƙasashe shida: Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, a kan gidaje fiye da 10,000. Shekara guda bayan an janye tallafi, gidajen na ci gaba da cin abinci fiye da da, da dukiya fiye da takwarorinsu. Ba arziki suka yi ba, amma ba su koma inda suka fito ba. A ƙasashe biyar amfanin ya zarce abin da aka kashe. A Honduras ne aka yi asara, domin kaji aka raba wa mafi yawa, cuta ta bi ta kashe su.

Abin lura ga masu zakka da masu hannu da shuni a nan: rance ba shi ne matakin farko ga wanda ba shi da komai ba. Akuya biyu da buhun gero da mai leƙowa sun fi masa bashin dubu hamsin.

Wace sana'a ta fi dacewa da ƙaramin jari?

Wadda kika riga kika iya, kuma ake sayenta kullum a inda ƙafarki ko ta ɗan aikenki ke kaiwa. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, awara, ƙosai da koko, fura, daddawa, kayan miya a ƙulle-ƙulle, ɗinkin hula, saƙar faifai da tabarma. Masu juyawa kullum, irin awara da ƙosai, su suka dace da rancen wata uku. Hula na cin makonni kafin ta zama kuɗi, kiwo na cin watanni.

Matsalar da ake yawan gani ita ce kwaikwayo. Mace ɗaya ta yi sa'a da awara, mako uku sai ga masu awara bakwai a layi ɗaya, kowa na kwana da rabin kaya. Tun da a taro ake faɗin dalilin rance, nan ne wurin da ya dace a ce: Inna, masu awara sun yi yawa, ba mai sayar da itace ko sabulu a wannan ɓangaren. Haka kuma koyon haɗa man shafawa da turaren ɗaki na kwana uku da ake yawan kawowa da sunan horaswa, a tambayi wa zai saya kafin a zuba jari a ciki.

Akuya ko kaji?

Kaji sun fi araha, sun fi saurin hayayyafa, sun kuma fi saurin ƙarewa. Annobar da ke bin su da hunturu na iya share gida a mako ɗaya in ba a yi rigakafi ba, kuma rigakafin ba shi da tsada in aka haɗu aka kira ma'aikacin dabbobi sau ɗaya don unguwa duka. Jar akuya, wadda ake kira ta Maraɗi ko ta Sakkwato, cikinta wata biyar ne, tana yawan haifar biyu, tana jure wahala. Ita ma tana da tata cutar ta majina da zawo mai saurin yaɗuwa, akwai kuma allurarta. Dabbar da aka sayo daga kasuwa, ko ta Mai'aduwa ce ko wata, a ware ta 'yan kwanaki kafin a haɗa ta da na gida.

Turken rago don Babbar Sallah na da riba, amma sai an lissafa dusa, harawa da kowar wake tun daga ranar saye. Da yawa suna ganin kuɗin sayarwa ne kawai, ba sa cire abin da ragon ya ci. Kada a ɗauki rancen wata uku a sayi dabbar da ba za a sayar ba sai bayan wata shida.

Me ke cinye jari?

Abu uku: tukunyar gida, bashin maƙwabta, da ciwo. Mai ƙosai da 'ya'yanta ke karyawa da ƙosan sayarwa kullum ba tare da an lissafa ba, tana cin uwar kuɗi tana zaton riba take ci. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce gwangwani biyu. Da an tashi daga ciniki a fara cire kuɗin wake, mai da itacen gobe a sa a ɗaya. Abin da ya rage shi ne na gida da na zubi. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, ba za a ce a hana shi gaba ɗaya a unguwar da kowa ɗan uwan kowa ne ba. A dai sa masa iyaka: wanda bai biya na jiya ba, ba a ƙara masa na yau.

Sana'ar ba za ta ƙara tura yara talla ba?

Tana iya turawa, kuma ƙarya ne a ce ba a gani. Matar da ba ta fita, 'yarta ce ƙafarta. In ciniki ya ƙaru, yarinyar da ke zuwa makaranta da safe ita ake fara cirewa. Ƙungiya na iya sa wannan cikin dokokinta: ba talla a lokacin makaranta, ba talla bayan magariba, ba tasha. Akwai sana'o'in da mai saye ke sallama har ƙofar gida, kamar niƙa, ɗinki, kayan miya da man gyaɗa, akwai kuma sarar wa mai shago ko mai shayi a dunƙule. Ribar ta fi ƙanƙanta, amma yarinya na aji.

In wata ta kasa biya, ko ta rasu da bashi?

A fara bambance wadda ta kasa da wadda ta ƙi. Wadda gobara ko jinya ta karya, a ƙara mata lokaci. In har ranar rabo ba ta cika ba, a cire daga zubinta, wanda shi ne dalilin dokar ninki uku. Game da rasuwa, a rubuta tun farko: za a yafe, za a biya daga jakar taimako, ko za a cire daga zubinta a miƙa sauran ga magada. Ranar zaman makoki ba ranar fara wannan muhawara ba ce.

Ajiye akwatin kuɗi a gida a wannan zamani ba ganganci ba ne?

Ya danganta da wuri da lokaci. Yawancin shekara akwatin kusan fanko yake, kuɗin na hannun masu rance. Haɗarin yana makonnin ƙarshe, lokacin da bashi ya dawo ana jiran rabo. A nan ne ya kamata a rufe baki game da ranar rabo da gidan da akwati yake. Ƙasar Daura ta fi samun sauƙi in aka kwatanta da yankunan Jibiya, Batsari, Safana da Ƙanƙara, inda hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, har a 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi aka kuma katse layukan waya. A irin waɗancan wurare ana gajarta zagaye, a raba da wuri.

Banki ma mafita ce in yana kusa: asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum uku. Ba asusun wayar ɗan shugaba ba, ba kuma ajiya wurin mai POS ba. Canjin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa masu akwati darasi ta fuska biyu. Masu tsofaffin takardun 200, 500 da 1,000 sun shiga ruɗani, waɗanda suka kai nasu banki kuma suka yi makonni ba su iya ciro su ba.

Tsadar kaya ba ta cinye abin da aka tara?

Tana ci. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato dubu goman da aka ajiye a farkon shekara a ƙarshenta ba ta sayen tiyoyin da take saye a farko. Shi ya sa wasu ke mayar da rabonsu akuya ko kayan sana'a nan take. Sayen hatsi da kaka a sayar da bazara tsohuwar dabara ce, amma ba kullum take ci ba: a 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗo, waɗanda suka cika ɗaki da buhuna suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Kada a zuba kuɗin ƙungiya duka a abu ɗaya.

Wani ya zo ya ce mu biya kuɗin fom za a ba ƙungiyarmu tallafi. Mu biya?

Kada ku biya. Ku tambaye shi daga wane ofishi yake, ku tura mutum biyu sakatariyar ƙaramar hukuma su tabbatar, ku sanar da mai unguwa. Haka wanda ya ce ku kawo kuɗin akwati a juya muku a intanet su ninka cikin wata ɗaya. MMM, mai irin wannan alkawari, ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, CBEX ta yi haka a 2025, kuma na gaba da wani sunan zai zo. Lambar BVN da lambar sirrin kati ba a ba kowa, ko da ya zo da riga mai tambari.

Maza fa?

Ba abin da ya hana. 'Yan acaɓa, masu baro, 'yan ga-ruwa da leburori sun daɗe suna adashen kullum. Sai dai masu tafiya cin rani su yanke tun farko yadda za su riƙa aiko da zubi daga Kano ko Legas, da wanda zai zauna a madadinsu.

Muna so mu fara. Me za mu yi a makon farko?

Ku zaɓi junanku da kanku, kada wani ya rubuto muku sunaye daga ofis. Ku sanar da mai unguwa da liman. Ku zauna sau biyu ko uku ba tare da kuɗi ba, ku yanke kuɗin hannu, na jakar taimako, ranar taro, tsawon rance, hanyar da za ku bi ku kauce wa kuɗin ruwa, da watan rabo. A rubuta da boko ko da ajami, a karanta wa kowa. Maƙeri ko mai walda zai haɗa muku akwati mai maratayin kwaɗo uku, ku sayi kwaɗunan a shaguna daban-daban don kada makulli ɗaya ya buɗe biyu. Wata na farko a yi zubi kawai, rance sai a mako na biyar.